Yayyafin da Bai Tsaya Ba

Litinin, 3 ga wata, 6:40 na yamma

Oga, shugaban ƙungiyar kiɗanmu, ya samo mana aiki. Wani kamfanin lemo zai yi bikin cika shekara ashirin ranar 22, a babban ɗakin taro, da rana tsaka. Sun ce ko ba mu kaɗa komai ba, sai mun kaɗa waƙar nan da ta hana gari sakat, wadda har mai facin taya ya sa a wayarsa. Sau tara na saurare ta yau. Babu ganga ta gaske a ciki, babu jita, duk sautin inji ne aka jera hawa-hawa. Na ƙirga hawa shida. Ni kuwa hannu biyu Allah ya ba ni.

Wanda ya fi tayar mini da hankali wani siririn sauti ne da ke gudu a sama tun daga farko har ƙarshe, ƙwaya goma sha shida a kowane zagaye. Mai ganga ya raɗa masa suna Yayyafi. Duk wanda ya san aiki ya san ba ɗan Adam ne ya kaɗa shi ba, kwamfuta aka sa. Na faɗi haka a ɗakin gwaji. Kawu ya ɗago kai daga kan fiyanonsa ya ce, "Tun da kunnena ya ji shi, hannuna zai kaɗa shi. Ku bar mini."

Kawu ƙanin Inna ne. Shi ya ɗora yatsuna a kan fiyano ina shekara tara, da rula a hannunsa. Shekara talatin yana kiɗa bai taɓa yarda inji ya kaɗa masa ko ƙwaya ɗaya ba, masu yin haka ma 'yan danna-ka-huta yake ce musu. Da ya yi magana kowa ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya kalli hannunsa na dama.

Laraba, 5 ga wata, 7:15 na yamma

Sau goma sha ɗaya muka tayar da waƙar, sau goma sha ɗaya ta faɗi a wuri guda.

Tun ciwon da ya kwantar da Kawu wata huɗu da suka wuce, ƙaramin yatsansa da na kusa da shi ba sa jin magana. Ba ya ma jin sun taɓa maɓalli. Yana zuwa ko'ina da ƙwallon robar da aka ba shi a asibiti, yana matsawa, yana cewa sauran kaɗan. Yau ya ce fankar ɗakin ce ke busar masa da hannu. Mai ganga ya tashi ya kashe fanka, muka yi ta zufa a banza.

Da aka tashi Oga ya ja ni bayan ƙofa. "Ƙarami, ka ga abin da na gani. In Juma'a ta zo bai daidaita ba, sai dai ya zauna a cikin 'yan kallo. Kai za ka faɗa masa, ɗansa ne kai."

Na ce to. Me zan ce?

Alhamis, 6 ga wata, 2:30 na rana

Na kaɗa Yayyafi a hankali, na ɗauke shi a cikin fiyanona, na ƙara masa gudu har ya kai. Na ajiye shi a maɓalli na ƙarshe ta hagu, wanda ba a taɓawa. In na danna sau ɗaya ya tashi ya yi ta zagayawa, in na sake dannawa ya tsaya. Minti ashirin aikin ya ɗauka.

Gwadawa kawai na yi.

Juma'a, 7 ga wata, 8:05 na dare

Na riga kowa zuwa na sami Injiniya tana kwance wayoyi. Ita ke riƙe da mikisa, sautin kowa ta hannunta yake bi kafin ya fita. Na yi mata bayani. Ta daɗe tana kallona da sukuddireba a baki.

"Wato in kashe layin tsohon, in buɗe naka."

"A manyan sifiku kawai."

"Kai ma ka san ba zai yiwu ba. In yana jin nasa a ƙaramar sifikar gabansa, yana jin naka a ɗaki, zai gane a zagaye ɗaya. Sai dai in sa masa naka a gabansa shi ma."

Na ce ta sa.

Ta ce, "Ƙarami, babu hannuna a ciki."

Amma hannun nata ne ya ja layi na bakwai, layin Kawu, ƙasa.

Muka tayar. Na danna. Waƙar ta tafi sumul tun daga farko har ƙarshe. Bayan amshi na biyu akwai inda komai ke ɗaukewa cak, bugu huɗu, kafin a dawo. Na danna a daidai wurin, ya tsaya, na sake dannawa, ya dawo. Mai ganga ya jefa sandarsa sama. Oga ya rungume Kawu yana cewa tsohon hannu daban ne. Kawu ya ɗaga hannun yana juya shi yana kallo, gaba da baya.

Don shi na yi. Ban yi ƙarya ba, ba wanda ya tambaye ni.

Lahadi, 9 ga wata, 11:20 na safe

Inna ta kira tana kuka, na ɗauka wani abu ne ya faru. Ashe murna ce. Wai Kawu ya je gidanta jiya ya ce hannu ya dawo, har ya ɗaga mata buta da yatsu biyun, butar ta faɗi, suka yi ta dariya. "Ya ce a kan fiyano ne kawai suke tuna aikinsu. Ka ga ikon Allah?"

Na ce na gani, Inna.

Talata, 11 ga wata, 6:50 na yamma

Gwaji ya yi kyau. Kaina na ciwo.

Alhamis, 13 ga wata, 7:30 na yamma

Yau ban ga ƙwallon roba ba. Na tambayi Kawu, ya ce ya ba jikarsa tana wasa da ita. Asibitin ma ya daina zuwa gashi, wai me zai je yi, su ci gaba da gasa waɗanda ba su warke ba.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan Yaya, hannunka na hagu yana yawan zuwa can ƙarshe, me ka ajiye a wurin?" Na ce ƙarar sauti nake gyarawa. Ya ce in rage yawo, mai kiɗa ba ya raba hankalinsa biyu.

To yanzu an tambaye ni.

Bayan biki zan faɗa masa. Kwana tara ne kawai. In aka wuce lafiya, zan zaunar da shi, in saya masa sabuwar ƙwallo, in kai shi asibitin da kaina.

Asabar, 15 ga wata, 4:00 na yamma

Maman yara ta ce kwana biyu ina cin abinci kamar wanda ake bi da gudu. Na ce aiki ne. Ta ce aikin da ka ce ya yi kyau? Na ce shi. Ta kwashe kwanuka ta fita.

Laraba, 19 ga wata, 7:45 na yamma

Kawu ya ɗinka sabuwar riga, ruwan toka, ya kawo ta ɗakin gwaji a leda yana nuna wa kowa. Ya ce ranar Asabar zai yi abinsa na da. Duk wanda ya taɓa kallonsa ya san abin: in kiɗa ya zo wurin ɗaukewa, sai ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda 'yan sanda suka tare, ya riƙe su nan har a dawo. Mutane na mutuwar son wannan. Tun da ya kwanta bai yi ba.

Injiniya ta kalle ni daga bayan mikisa. Na kalli takalmina.

Juma'a, 21 ga wata, 5:10 na yamma

Na gwada maɓallin sau hamsin. Yana tashi, yana tsayawa.

Asabar, 22 ga wata, 6:25 na yamma

Mun dawo.

Lahadi, 23 ga wata, 7:00 na safe

Ban fita ba. Na kashe waya.

Bugu huɗu ne fa. In ka ƙirga da baki bai kai ka sha ruwa ka ajiye kofi ba.

Lahadi, 3:40 na rana

Na kunna wayar, da ban kunna ba. Wani da ke layin gaba ya ɗauki bidiyo, mutum shida sun turo mini. Ga Kawu cikin rigarsa ruwan toka, hannu biyu a sama, yana dariya. Ganga ta yi shiru, jita ta yi shiru, Oga ya rufe baki. Yayyafi kuwa yana ta zuba shi kaɗai a cikin ɗakin, tas-tas, ba kowa a kan maɓalli. Ana ganin lokacin da dariyar ta bar fuskarsa. Ya kalli fiyanon, ya kalli hannayensa da ke sama. Bai sauke su ba sai da aka dawo.

Ni ba na cikin bidiyon. Kafaɗata kawai ta fito a gefe.

A ƙasa an rubuta, "Tsohon da ke zagin 'yan danna-ka-huta." Wani ya ce dama shekara talatin ɗin nan duk haka yake yi. Wani ya sa fuskar dariya goma sha biyu, na ƙirga.

Litinin, 24 ga wata, 6:30 na yamma

Oga ya tara mu, ban da Kawu, bai zo ba. Oga ya ce shi bai hana kowa amfani da inji ba, rabin makaɗan gari haka suke yi, amma a ɓoye masa? A sa shi ya rungumi mutum a gaban jama'a yana yabon hannu? "Da tsohon ya zo ya ce mini ba zai iya ba, wa zai ga laifinsa? Girman kai ne kawai."

Mai ganga ya ce, "Ni tausayi ya ba ni. Ka san tsufa."

Oga ya juyo. "Ƙarami, kai ba ka lura da komai ba?"

Na ce hankalina na kan nawa hawa biyar ɗin.

Injiniya ta ajiye wayar da take naɗewa, ta ɗauki jakarta ta fita. Ba ta yi wa kowa sallama ba.

Talata, 25 ga wata, 1:15 na rana

Kawu bai kira ni ba. Bai ƙaryata kowa ba. Da ma ya kira ya zage ni.

Laraba, 26 ga wata, 5:50 na yamma

Na dawo na tarar da fiyanonsa a falo, a cikin jakarsa mai zif ɗin da ya lalace, an ɗaure da igiya. Maman yara ta ce direban tasi ne ya kawo, ba takarda, ba saƙo. Har da ƙafafunsa da ƙaramin tawul ɗin da yake goge maɓallai.

Ta ce, "Kyauta ce ko me?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ka sani. Tun kafin bikin nan ka sani. Ni ba na jin kiɗa, amma ina jin ka."

Na faɗa mata duka, a tsaye, jakar tana tsakaninmu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Mutumin da ya saya maka takalmin makaranta." Ta shiga kicin.

Alhamis, 27 ga wata, 10:00 na safe

Inna ta zo da kanta. Ta ce kwana biyar ƙaninta bai leƙa ƙofar gida ba, abinci sai an yi da gaske. Ta ce ita ba ta yarda ba, ta san shi tun yana rarrafe, ko a wasan yara ba ya ha'inci. "Wani ne ya yi masa. Kai da kake kusa da shi, ka bincika mini ko wane ne, Allah ya isa tsakanina da shi."

Na kawo mata ruwa. 

Ban yi ƙarya ba. Na gaji da rubuta wannan, ko ni ban yarda da shi ba.

Asabar, 29 ga wata, 8:20 na safe

Akwai abin da nake ta kewayewa tun ranar, bari in rubuta shi in huta.

Maɓallin bai maƙale ba. Hannuna bai zame ba. Lokacin da amshi na biyu ke ƙarewa, ɗakin ya tashi tsaye, Inna na layin gaba tana tafi, Kawu na dariya irin wadda rabona da gani tun kafin ya kwanta. Sai na tsaya ina kallonsa, ina ce wa kaina: ni na yi wannan. Ni na ba shi wannan. Daɗi ya cika ni har na manta ina da hannun hagu.

Ban san ko don shi na yi ba. Wataƙila tsoron zama a gabansa in ce "Kawu, ba za ka iya ba" ne ya fi ƙarfina, sai na sa inji ya rufe mini baki.

Litinin, 31 ga wata, 7:10 na yamma

Na faɗa a ɗakin gwaji, gaban kowa, kafin a kunna komai. Na ce ni na ɗauka, ni na danna, ni na manta, Kawu bai san komai ba. Ban ambaci Injiniya ba, ita ta ɗaga hannu ta ce ita ta ja layin.

Mai ganga ya ce, "Kai! Ashe mako biyu kwamfuta nake bi ina ce mata ranka ya daɗe."

Ba wanda ya yi dariya. Oga ya ce in tsaya gaban waya in maimaita, a sa a ƙarƙashin bidiyon. Na yi. Zuwa yanzu mutum arba'in sun kalla. Wancan ya wuce dubu tamanin.

Oga ya ce in huta tukuna, zai neme ni. Na san irin wannan neman.

Talata, 1 ga sabon wata, 6:55 na yamma

Na je gidan Kawu. Yana zaune a barandar baya a kan kujerar roba, rediyo a kashe a gefensa. Ya rame. Na durƙusa na fara, ya ɗaga hannun hagu.

"Na sani. Tun hannuna na sama na sani. Mutum biyu ne masu fiyano a kan dandamalin nan."

"Kawu, me ya sa ba ka faɗa ba? Ana ta zaginka."

"In ce ɗan Yaya ne? A bakin duniya?" Ya yi tsaki. "Zagi ba ya hana ni barci. Ka san abin da ya hana ni? Mako biyu ina tashi da safe ina gode wa Allah a kan hannun nan. Na ba yarinya ƙwallona. Na gaya wa likita ya riƙe katinsa. Kai kana tsaye a gefena kullum kana kallo."

Na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Bai rarrashe ni ba, ya bar ni na gama.

Can ya ce, "Yarinyar nan mai mikisa, ba tana ɗaukar layin kowa daban ba?"

Na ce tana yi.

"Har wanda aka kashe?"

Na ce har shi, kashewar a fita ne kawai.

"To ina son in ji abin da na kaɗa ranar. Nawa, ba naka ba."

Na ce Kawu, a bar shi mana. Ya ce, "Ka sake zaɓar mini abin da zan ji ke nan?"

Laraba, 2 ga wata, 5:30 na yamma

Injiniya ta ba ni layi na bakwai, ta haɗa da ganga can ƙasa-ƙasa don a ji bugu. Na kai masa. Jikarsa na wasa a tsakar gida, ya ce ta shiga ciki. Na ajiye wayar a kan teburi tsakaninmu na kunna.

Minti huɗu. Ban taɓa jin minti huɗu masu tsawo haka ba. A kowane zagaye ƙwaya uku ko huɗu ba sa fitowa, daidai inda yatsu biyun nan ke sauka. Wani wuri ya yi baya, ya ruga ya kamo. Wani wuri maɓalli biyu suka fita tare. Ya rufe ido yana ji, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Ni ina kallon tururuwa a gindin teburi.

Sai amshi na biyu ya ƙare. Ganga ta ɗauke, layinsa ya ɗauke tare da ita, cak, ko gashi bai shiga tsakani ba. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, shiru. A na biyar ya dawo daidai kan bugu.

Ya buɗe ido. "Mayar baya."

Na mayar. Muka sake ji.

"Ka ji?" ya ce. "Ni na tsaya."

Na ce na ji, Kawu.

"Goma sha biyu cikin goma sha shida. Na ɗauka ma bai kai haka ba." Ya ƙwala wa jikarsa kira, ta leƙo. Ya ce ta kawo masa ƙwallonsa, zai saya mata wata. Ta kawo tana tura baki, ƙwallon duk ta sha haƙori. Ya karɓa da hannun dama, ta suɓuce, ta gangara ƙarƙashin kujerata. Na sunkuya zan ɗauko, ya ce in bari. Ya daɗe kafin ya kamo ta.

Na tambaye shi ko ya yafe mini. Ya ce wannan ba maganar yau ba ce.

Ina ɗaura takalmi ya ce, "Gobe ƙarfe tara ka dawo mini da fiyanona. Naka ka bar shi a gida. Za ka zauna a gefe ka ƙirga mini waɗanda suka faɗi, kuma in huɗu ne ka ce huɗu."

Alhamis, 3 ga wata, 12:40 na rana

Biyar ne yau. Na ce biyar.